Kujerar Sinima Ba Ta da Maɓalli

Ran Talata ruwa ya ci titin Recto har ƙauri.
Na naɗe ƙafar wando, na bi layin tikiti
a bayan yaran da ko cikinsu ba a ɗauka ba
zamanin da muke ɗura wa inji feso
kamar jinjirin da bai san ƙoshi ba.

Ni da Eleuterio.
Shagon Aling Pacita, a Manila,
tsakanin mai gyaran agogo da mai suyar ayaba,
fanka ɗaya, ita ma gurguwa.
Shi kullum masunciyar nan yake ɗauka,
mai faɗa da filafilin kwalekwale,
ni kuwa ƙaton maƙeri, mai nauyin jiki kamar bashi.
Shekara tara tana kayar da ni.
Shekara tara ba ta ce uffan ba
sai ihu guda, in ta tashi sama.

Yau ga ta a majigi, an wanke ta tas.
An ba ta uba, an ba ta hawaye,
an ba ta saurayi mai gyararren haƙori.
Minti arba'in ana surutu
ko mari ba a yi ba.
Filafilin ma sun rataye shi a bango, wai ado.

Na yi tsaki. Na ci gugguru. Na sake tsaki.

Can wajen ƙarshe aka rutsa ta a lungu,
wani basamude yana kirɓa ta kamar sakwara.
Sai na ji babban yatsana ya farka,
yana laluben hannun kujera:
baya, baya, ƙasa, duka!
Na san ƙofar fita, Teryo ya nuna min
ranar da na saya masa lemo.
Na danna katako har farcena ya yi fari.
Ba ta ji ni ba.
Wani can ya riga ya rubuta faɗuwarta,
ya karɓi kuɗinsa, ya tafi gida.

A shagon Aling Pacita
mutuwa ba ta wuce ƙirga goma ba.
Tara, takwas, bakwai,
ka jefa sulalla, mamaci ya miƙe yana karkaɗe riga.
A asibitin Tondo ma akwai allo mai lambobi
a saman kan Teryo, suna sauka.
Wallahi sai da na sa hannu a aljihu.

Fitila ta dawo.
Yarinyar da ke gefena tana share ido,
ta ce wa ƙawarta, kai, ya yi kyau.
Ban musa ba.

A waje ruwa bai janye ba.
Yaron mota ya miƙo tafi,
na zuba masa abin da ke aljihuna.
Ya tsinci ɗaya, ya juya ta a haske,
ya ce, Baba, wannan ba kuɗi ba ce.
Na ce na sani, miƙo min abata.