Gida Ɗaya, Ƙofa Biyu

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke dafe da juna kar su gangara teku,
kakana Eleuterio ya bar mini kwamfuta
mai tsagaggen murfi, mai warin taba da man inji.
Shekara talatin yana ɗaga kwantena a tashar ruwa.
Da ya ajiye aiki sai ya koma naɗar kukan jirage,
kowanne da sunansa, da ranar da ya shigo.

Makaranta ta ce da Linuks za mu yi karatu.
Hannuna ya kasa share Windos ɗin tsoho,
sai na raba faifan biyu, rabon gado:
nasa babban kaso, nawa abin da ya saura.

Daren farko na shiga ta ƙofata.
Allo ya haska, linzami ya motsa,
intanet kuwa ko ƙyallinsa.
Katin da ke kamo shi yana ciki, lafiyarsa lau,
shi da sabon maigida ne ba sa jin yaren juna.
Wai direba ake nema,
wani tafinta da zai tsaya tsakanin ƙarfe da umarni.
Tafintan kuma yana intanet.
Guga ya faɗa rijiya,
ƙugiyar ciro shi tana ɗaure a jikinsa.

Na sauka matakala ɗari da sha biyu
zuwa shagon Fresia mai gyaran waya.
Ta ba ni aron igiya shuɗiya, ta ɗora da kashedi:
"Maite, karanta lambar katin tukuna.
Akwai biyu, uwa ɗaya uba ɗaya,
harafi guda ya raba su,
direban wannan ba ya ga maciji da wancan."

Na karanta, na sauke, na sake kunnawa.
Intanet ya zo, na yi tsalle har kyanwa ta gudu.
Sai sauti ya ce bai san zance ba.
Kwana uku lasifika ta zama bebiya.
Na zuba umarni cikin baƙin allo har idona ya yi ja,
na sabunta tsarin, gyaran jiya ya warware,
na koma gidan jiya ina cizon yatsa.
In na leƙa ɓangaren tsoho, komai garau,
wani jirgin dakon tagulla na kuka kamar bijimi,
sai dai agogonsa ya yi gaba da awa huɗu,
kamar can inda yake gari ya riga wayewa.

Ran Alhamis Fresia ta hau tudun da kanta, tana haki,
ta zauna a kujerarsa, ta duba, ta cire tabarau.
"Wannan ɓangaren bai taɓa mutuwa ba.
Barcin zomo yake, don ya zabura da an taɓa shi,
yana barcin yana damƙe da katin sauti.
Shi ya sa naki ke miƙa hannu ya dawo wayam.
Cire alamar nan. Kashe shi, kashewa ta gaske."

Na daɗe da yatsa a kan linzami.
Wata bakwai da kai shi makwanci,
har yau hularsa na rataye a bayan ƙofa.

Na cire.
Ya ɗan jima kafin ya ɗauke,
kamar mai tattara kaya a ɗakin da ya saba.

Da na shiga ta ƙofata, lasifika ta yi gyaran murya.
Jakarsa da ke ƙin buɗuwa daga nan, ta buɗe.
Na danna na farko: iska, tarin tsoho,
sannan jirgi ya ja dogon kuka ya cika ɗakin.

Fresia ta naɗe igiyarta a gwiwar hannu,
ta ce agogon ma layi ɗaya ne gyaransa.
Na ce ta bar shi,
ta sha shayi kafin ya huce.