Ɗakin Sama a Rafindadi

Shekara ashirin da shida ba wanda ya hau
sai jemagu da gizo-gizo.
Tsanin ma ya karye tun ban yi aure ba,
muka hura wuta da shi, muka manta
cewa gidan nan yana da sama.

Da Barira ta samu gurbi a makarantar ungozoma
ta ce, Baba, a ina zan yi karatu?
Ƙannenta biyar a ɗaki guda,
wannan na kuka, wancan na murɗa rediyo.
Na ɗaga kai na dubi rufi. Ban ce komai ba.

Mati magini ya zo ranar Asabar
da aron tsani daga gidan Sallau,
ya hau, tocila a baki.
Ya daɗe. Da ya sauko ya kaɗe hula ya ce:
azara bakwai lafiyarsu lau,
biyu gara ta gama da su.
Wanda ya gina wannan, ya ce, ba sauri yake yi ba.

Kwana uku muna sauke kaya:
sikelin gyaɗa da tsatsa ta cinye,
buhunan algarara, ka taɓa su zama gari,
kwalaben turare babu turare,
takalmi ƙafa ɗaya,
da kashin jemage baro goma sha ɗaya
wanda wani mai lambu ya saye, har da godiya.

A bangon gabas muka tarar da zane,
layi-layi da ƙusa, biyar-biyar,
kowane rukuni da suna a ajami:
Ɗan Tasalla. Bawale mai jaki. Gwauron Batagarawa.
Bashin gyaɗa ne. Wasu an soke.
Mafi yawa ba a soke ba,
kuma ban taɓa ganin Baba Ilu
ya yi wa kowa sammako a ƙofa ba.

Mati ya kwaɓa siminti. Na riƙe hannunsa.
Shafe ko'ina, na ce, ban da nan.
Ya ce zai yi muni.
Na ce bari ya yi.

Babur ɗina ya tafi a katako da kwano.
Matakala ta cinye rabin madafa,
Lantana ta yi kwana biyu tana magana da tukunya
don in ji.
Da aka huda taga ta yamma
haske ya faɗo ciki kamar ya daɗe a tsaye a waje,
ga kan hasumiyar Gobarau can,
ga shanyar maƙwabta, ga akuyar da muke zargi
tana cin dusar wani.

Ɗakin bai kai ya kawo ba.
A tsakiya kaɗai Barira ke miƙewa tsaye,
gefe sai da rusunawa, kamar mai gaida manya.
Da azahar kwano na gasa mutum.
Amma ta shimfiɗa leda, ta kafa ƙusa ta rataye farar riga,
ta manna hoton jariri a mahaifa
dab da sunan Bawale mai jaki.

Daren farko, bayan isha,
Inna Dije na kan tabarma a ƙasa, idonta ya daɗe da tafiya.
Sai rufi ya yi ƙara. Taku, taku, tsayawa. Taku.
Ta ajiye carbi.
Wa ke tafiya a kaina?
Na ce Barira ce, Inna, tana haddace karatu.
Ta yi shiru tana saurare har azara ta sake amsawa.
Haka yake yi, ta ce, in lissafi ya ƙi fita.

Can ta ɗaga murya, irin wadda ban ji ba tun ina yaro:
A sauko haka nan,
tuwo na hucewa.