Rinin da Ba Nawa Ba

Shekara ashirin da uku ina ɗakin rini a masaƙar Kakuri.
Ni ke auna gari, ni ke cewa a ƙara,
ni ke cewa ya isa.
In atamfa ta fito da jan da ke tsayar da mai wucewa,
hannuna ne.
Har yau Lantana na rantsuwa
akwai sauran shuɗi a ƙarƙashin farcena.

Sai jiniya ta yi shiru.
Aka garƙame ƙofa, ciyawa ta kama aiki.
Kuɗin sallama kuwa, ana nan ana dubawa.

Bara, Bakut na ɓangaren guga
ya dawo daga Zonkwa da iri a ƙullin leda.
Ya ce, "Attaruhu ne. Ka wanke hannu kafin ka sosa ido."

Bokitin fenti huɗu, da baho mai ɓulallen gindi.
Ƙasar bakin kogi, kashin kaji, ɗan toka.
Na jera su jikin katanga, inda rana ke fara sallama.
Ruwan alwalata nasu ne.
Ranar da famfo ya yi yaji, mu raba jarka.

Kwana goma sha ɗaya, ba labari.
Na sha biyu wani ya ɗago a sunkuye,
ɓawon iri a kansa
kamar hular da ta yi wa yaro kaɗan.

Furen farko ya zube kaf.
Na zagi zafi, na zagi kajin maƙwabta,
na zagi Bakut a ɓoye.
Na biyu ya kama.

Kore dai. Kore shar, mai ƙyalli,
mai lanƙwasa kamar dunƙulen hannun jariri.
Sati uku yana kore.
Sati huɗu.
Ni da na saba juya fari ya koma ja kafin azahar,
ga ni tsugune gaban bokiti
ba ma'auni, ba sanda, ba wanda zan ce wa ya ƙara wuta.

Wata safiya na ga baƙi-baƙi a kafaɗar ɗaya,
gefen da rana ke duka.
Na ce shi ke nan, ruɓa ce.
Lantana ta leƙo da tsintsiya a hannu:
"Malam mai rini, ba ka san shunayya ba?"

Daga nan abin ya fara, amma ba a layi ba.
Wannan daga wutsiya, wancan daga wuya.
Koren ya dushe, ya yi kamar zai ba da haƙuri,
ruwan ɗorawa ya kutso ta tsakiya,
bayan kwana biyu ruwan goro ya kore shi.
A reshe guda launi huɗu,
ba wanda ya jira ɗan'uwansa.
Da a masaƙa ne, da an kira ni ofis.

Suwaiba, jikata, ta tambaye ni
wa ke zuwa da dare yana shafa musu fenti.
Na ce ban taɓa kama shi ba.
Ban gaya mata cewa na gwada ba,
na fito da tocila ƙarfe biyun dare,
na tarar da sauro kawai, da kukan jirgin ƙasa can nesa.

Ranar Laraba na farko ya nuna.
Ja wur.
Na ɗora shi a tafina na juya,
na nemi inda rinin bai kama ba, don sabo.
Babu.
Ba ya zuba a ruwa. Na gwada wannan ma.

Da daddare ya shiga miyar kuka, shi kaɗai.
Bakut ya zo, ya yi loma uku,
ya cire hula, ya nemi randa.
Ni ma idona ya kawo ruwa.
Lantana ta dube ni, ta daɗe,
sannan ta ce, "Yajin ne,"
ta tura mini kofi.