Hanyar da Ban Shafa wa Fenti Ba

An ba ni gwangwanin jan fenti da burushi,
aka ce in je Rurum in zana kibau a jikin duwatsu
don kada baƙi masu zuwa hawa su ɓace.
Aka haɗa ni da Cindo mai amya,
wanda yana ta rufe masa idon hagu tun bara.

Da hantsi muka kama hawa.
Shi a gaba, takalmin taya, gora a saɓe,
ni a baya ina haki kamar zugazugin maƙeri.

Kada ka dubi ƙololuwa, in ji shi,
dutse ba ya son mai zalama.
Dubi inda kashin awaki ya zuba,
akuya ba ta taka wurin da zai kashe ta.

Na zana kibiya ta farko a gindin wani baure
da ya tsaga fa biyu ya zauna a tsakani.
Ta biyu a bakin kogo mai warin jemage.
Ta uku ta zubo, ta yi hawaye,
ƙadangare ya zo ya dube ta, ya gyaɗa kai,
ban san ko yarda ya yi ba.

Akwai wani matsatsi, sai an karkace ake wucewa.
Nan maɓallin rigata ya tsinke,
na ji shi yana ƙas, ƙas, yana sauka,
har na daina ji, bai kai ƙasa ba.
Gwiwata ta ce mu koma.
Cindo ya miƙo mini ƙarshen gora bai waiwayo ba.

Rema uku suna shan rana a kan falale,
suka dube mu kamar masu bin mu bashi.

Da azahar muka kai sama.
Iska ta ɗauke mini hula, na bar mata.
Can ƙasa ruwan Tiga ya shimfiɗe
yana lasar ƙafar duwatsu, yana ja da baya,
kwalekwalen masunta kamar ɓawon gyaɗa,
balbelu kamar an watsa auduga a gaɓa.
Ni da ban taɓa ganin teku ba
na ce a raina, to, wannan ya ishe ni.

Muka yi taimama, muka yi salla a kan dutse mai zafi.
Ya kwance ƙullin ƙuliƙuli, ya ba ni kashi mafi yawa.

A saukowa na ga wata siririyar turba
ta ratsa ta bayan ƙirya ta nufi ruwa,
sumul, ƙafafu sun goge ta kamar dutsen niƙa.
Na tsoma burushi.

Ya riƙe mini hannu.
Wannan ba ta baƙi ba ce.

Na ce ai ita ta fi sauƙi, ba santsi, ba ƙaya.
Ya ce haka ne.
Ta nan uwata take hawowa yin itace,
ta nan muke kora tumaki da damina.
Ba a bakin ruwan ta ƙare ba, yaro,
ta ci gaba.
Ta wuce rijiya, ta wuce tsamiyar mahauta,
ta karya dama a ƙofar Tabawa mai daddawa,
ta tsaya a zaurenmu.
Ya nuna da gora inda babu komai sai ƙyalli
da wani masunci yana jan koma.

In ka sa mata kibiya, ina za ka ce ta nufa?

Fentin ya ɗiga a kan babban yatsana.
Na mayar da murfi, na buga shi da dutse.

A takardar da na kai ofis na rubuta:
hanyoyin hawa biyu, duka an yi musu alama.
Jan yatsan bai fita ba sai da farcen ya sake.