Tsari da Kanari

A gaɓar Nilu, ƙasa da Maiwurno,
nake gadin injin ban-ruwan Alhaji Ɗahiru.
Maƙwabtana biyu ne, ban zaɓe su ba:
tsari a rami gindin bagaruwa,
a reshen lemun tsami kuwa, kanari.

Tsarin ya kai tsawon tabarmar sallata,
fatarsa kamar salkar da rana ta gasa.
Harshe biyu gare shi, bai taɓa cewa uffan ba.
In hantsi ya ɗaga sai ya baje kan dutse
kamar wanda ya biya kuɗin wuri.

Kanarin fa? Bai kai lomar kisra ba.
Da za a ɗora shi a sikelin mai gwal na kasuwar Sinnar,
sai an ƙara masa tsakuwa.
Amma tun kafin ladan ya gyara murya
ya cika lambun nan, ya tsallake kogi,
har masu jan koma suna ɗaga kai.
Jabanar asuba, in yana yi, ba ta neman sukari.

Zinatu, in ta kawo mini abinci,
shi take watsa wa tsakin dawa,
wancan kuwa da hoge take gaishe shi:
"Ɓarawon ƙwai! Kaji uku ya mayar mini juya!"
Ba na kare shi, gaskiyarta ce.
Na gan shi da idona, gwaiduwa a haɓa,
yana tafiyar ƙasaita, ba ko sauri.

Sai dai bara, da ruwan Habasha ya taso,
kwana biyu kafin kogi ya yi ja
na ga ya bar raminsa ya hau tudu.
Na kira yara muka ja injin sama.
Daren nan gaɓa ta rufta har da bagaruwar.
Kanari na can yana rera abinsa,
bai gani ba, bai ji labari.

Ranar Talata wani yaro ya zo da danƙo.
Muryar ce ta nuna masa reshen da zai shafa.
Kafin in idar da azahar an wuce da shi gari.

Shi ma tsarin an taya.
Wani baduku daga Wad Madani ya ce
fatar za ta fid da takalmin markub ƙafa biyu,
ya lissafa mini fam a yatsu.
Na ce ban san raminsa ba.
Allah ya yafe, da carbi a hannuna
na yi ƙarya, na riƙe masa sirri.

Yanzu asuba sai tarin inji da kukan kwaɗi.
Ni da mai shirun muke shan hantsi,
shi kan dutsensa, ni kan angarib,
ba mai ce wa wani "ya haƙuri".

Jiya na zari ƙwai ɗaya a akurkin Zinatu,
na ajiye bakin sabon ramin.
In ta ƙirga ta ga babu,
na san wa za ta zarga tun da fari.