Awon Kitse

Ubana mahauci ne a abbatuwar Fagge.
Babban yatsansa ne sikelinsa.
Ya dafa rago a gadon baya, ya matsa gindin wutsiya,
ya ɗaga kai ya yanka kuɗi,
ba a taɓa jin ya faɗi ko da sisi ba.
Kitse yake nema, kitse ke sa shi murmushi.

Ni ɗansa na yi boko har na ƙare
a wani ɗaki ƙarƙashin benen 'yan kallo, filin Ƙofar Mata,
ina farautar abin da yake farauta,
shi don ya saya, ni don a rage.

Hantsin Talata suke yin layi ba riga,
'yan gudu, 'yan kokawa, masu tsaron raga.
In tsunkuli fata a bayan dantse,
in ɗago ta daga tsoka kamar mai ɗaga tabarma,
in sa hantsaki ya ciza, in ƙirga biyu, in karanta allura.
Ƙasan allon kafaɗa. Gefen cibiya. Saman ƙugu.
Cinya. Sharaɓa.
Sau uku kowane wuri, don hannu ma yana ƙarya.

Akwai sikelin da aka kawo mana bara,
a hau shi ba takalmi,
ya aiki 'yar wuta ta zaga jiki ta dawo da labari.
Amma in ka sha ruwa ya yi maka ƙarya,
in ba ka sha ba ya yi wadda ta fi;
a watan azumi kowa mai teɓa ne a bakinsa.
An ce wasu wurare ana nutsar da mutum a kwarmi,
ya fesar da numfashinsa kaf, a auna shi cikin ruwa,
don kitse iyo yake, ƙashi ne ke nutsewa.
An ce akwai gadon da ke haska mutum har ɓargo.
Mu dai hantsaki, da tef, da biro.

Ido ba mudu ba ne.
Ga Ɗan'asabe, ƙato, ƙofa ba ta isarsa,
hantsaki ya nemi abin kamawa ya rasa.
Kallon kitse ake wa rogo.

Sai Nafi'u, ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, mai damben zamani,
da ke son sauka aji kafin gasa.
Na gan shi da azahar yana gudu, leda a cikin riga,
yana tara yawu a gorar ruwa
kamar mai biyan bashi da tofi.
Na tsunkuli cikinsa, na kamo takarda.
Allura ta motsa da ƙyar, kamar tana jin kunya.
Kashi huɗu cikin ɗari.
Ya yi dariya, leɓensa ya tsage.
Malam, in ji shi, saura nawa?

Lambar tana kan takarda, daidai take.
Amma yatsana, ban san yaushe ba,
ya riga ya kai bayansa, wajen ƙoda,
inda tsoho ke dannawa ya girgiza kai:
wannan ba za ta kai kasuwa da ƙafarta ba.

Na rufe littafi.
Na ɗauke shi a babur zuwa wajen Tanimu,
yaron ubana na dā, da ke hura wuta tun la'asar.
Na ce a yanko balangu, kar a cire farin.
Ya ci yana kallona kamar na sa shi sata,
mai yana bin gwiwar hannunsa.

Tanimu ya matsa masa kafaɗa da yatsa biyu,
bai tambayi lamba ba.
Ya ce, ƙaro masa.