Ginin da Ya Tsaya a Linta

A teburin mai shayi na ji,
bakin kwalbatin Rimin Kebe, bayan isha'i.
Rediyo ya ce ana shirin zabtare kason gidaje,
a rage na raya unguwanni.
Daga nan ya wuce labarin ƙwallo.
Shayina ya huce a hannuna.

Ni ban taɓa ganin biliyan ba.
Bulo mai inci tara na sani,
da nauyinsa a kafaɗa in rana ta take.
Amma in an goge sifiri ɗaya a Abuja,
a nan rufin wani ne ya tashi ba iska.

Je ka bayan firamare ka gani:
gida arba'in, duk sun tsaya a linta,
tagogi a wangale kamar bakin mai hamma.
Rodi ya yi tsatsa, yana nuna sama.
Tumfafiya ta tare a falon wani
ba ta cike fom ba.
Allon kwangilar kuwa, akuya ke shan inuwarsa.

Gwaggo Uwale na da takarda,
lamba ɗari biyu da sha bakwai,
a naɗe a leda, a ƙasan kwalla.
Duk Juma'a sai ta ciro
ta duba ko tawadar ta gudu.
Mai gidan hayarta ya ƙara kuɗi,
wai siminti ya tashi,
alhali rabon bangon da siminti tun tana goyo.

Kwatar layinmu rabi aka haƙa aka tafi.
Damina ba ta sauraren rediyo.
Bara ta shiga ɗakin Tasi'u ba sallama,
ta jiƙa katifa, ta kwashe littattafan yara,
ta bar masa kwaɗi.

Wai tsuke bakin aljihu ake.
To, mun ji.
Sai dai aljihun da aka fara tsukewa
dama a huje yake.

Da asuba na wanke cokalin gini,
na kife kwanon sarki a soro.
Gwaggo ta leƙo: "Lawandi, yaushe za ku koma?"
Na ce sai majalisa ta zauna.
Ta dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas,
ta ce, "Su inda za su zaunan, yana yoyo?"